Yaya Suweiba, Mai Kai Mu Bakin Kogi

Ranar Lahadi, 13 ga watan Oktoba, 2024, da hantsi, ina tsaye a kicin ina wanke shinkafa sai wayata ta yi ƙara. Ajara ce, babbar 'yar Hajiya Suweiba. Tun da na san yarinyar nan, ko da Hausa na yi mata magana da Turanci take amsa mini, kamar yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a Landan. Amma a ranar da Hausa ta yi magana, irin Hausar gidansu ta zangon Kumasi. Ta ce, "Anti Zinatu, Mma ya rasu."

Na kashe famfo, na zauna a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, ko daga wace ƙasa ajali ya riske shi.

Hajiya Suweiba ta rasu a gidanta da ke Croydon, a kudancin Landan, tana da shekara hamsin da tara, bayan jinyar ciwon daji. Ta bar mijinta, Alhaji Zuberu, da 'ya'ya biyu, Ajara da Nashiru, da jika ɗaya. Ta kuma bar mu, matan da muka saba bin bayanta duk Asabar, mu tsallaka kwari, mu bi gefen kogi, tana gaba da kyamara a wuya.

Yaya Suweiba, ban iya rubutu irin na malamai ba. Amma tun da aka kai ki makwancinki mutane suke tambayata yadda aka yi mutuniyar Zariya da mutuniyar Kumasi suka zama kamar ciki ɗaya. Bari in faɗa musu, in kuma faɗa miki abin da kunya ta hana ni faɗa miki kina raye.

A ƙarshen 2014 na biyo mijina Abdulƙadir, wanda ya samu aikin likita a nan. A bene ɗaya muke, flat ɗinmu yana saman naku. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu a matakala, ina yi miki dariya a ɓoye saboda Hausarki, wadda ke mayar da rana da mota da ƙofa duk maza. Da sanyin shekarar ya kai tsakiya, na haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba. Da a gidanmu na Tudun Wadar Zariya ne, da gida ya cika da mutane, da uwata da gwaggonnina sun kwana da ni. A nan kuwa aka ba Abdulƙadir hutun 'yan kwanaki, ya koma aiki, ni kuma na ja labule na zauna. Ba na cin abin kirki, ba na ɗaga waya. Akwai lokacin da salla kanta da ƙyar nake tashi in yi. Daga baya mijina ya gaya mini cewa kullum idan ya fita aiki da fargabar abin da zai tarar yake dawowa.

Ke kika fara hawowa. Yau koko da ƙosai, gobe tuwon zafi da miyar ayoyo. Ki ajiye, ki ɗauki kwanon jiya ko da ban taɓa shi ba, ki sauka. Ba ki taɓa yi mini wa'azi ba. Sai wata Asabar cikin watan Afrilu kika shigo da takalmin tafiya a ƙafa, kika yaye labulen da kanki.

"Rana ya fito yau," kika ce. "Sa takalminki, ki zo ki riƙe mini jaka."

Na ce, "Yaya, ba ni da ƙarfi."

"Ni ma bayana na ciwo. Shi ya sa nake neman mai riƙe jaka."

Nauyin ƙin taimakon babba ne ya tashe ni. Muka hau tram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Morden Hall, inda ƙaramin kogin Wandle ke ratsa itatuwa. Ban san akwai irin wannan wuri a garin nan ba. Ni dai bulo da motoci da gajimare na sani. Jakar da na ɗauko kuwa, da muka zauna na ga ba komai cikinta sai fulas ɗin shayi da sallaya.

A can gefen ruwa wani zalɓe yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Kika cire kyamarar daga wuyanki kika rataya mini, kika nuna mini inda zan sa ido da inda zan danna. Kika ce in jira har ya motsa. Muka jira, muka jira. Da ya buɗe fukafukansa na makara wajen dannawa, hoton ya fito ba komai sai ruwa da ɗan tsinin ƙafarsa. Ban san abin da ya sa ba, kallon wannan hoton ne ya ɓalle mini kukan da na riƙe tun ranar da na baro asibiti. Ba ki ce in yi shiru ba. Kika zuba shayi kika ajiye kusa da ni, kika ce, "Yi abinki, ƙanwata. Nan ba maƙwabcin da zai buga bango."

Ran nan na ci abinci. Asabar ta gaba ni na sauko na ƙwanƙwasa miki ƙofa. In yau ina da 'ya'ya biyu masu kirana Mama, kuma ina da hankalin renonsu, bayan ikon Allah ke ce sanadi.

A hankali na san labarinki. Kin zo Landan kina amarya a farkon shekarun 1990. Kin yi shara a ofisoshi, kin yi girki a makaranta, har kika kafa teburinki na atamfa da leshi a kasuwar Deptford. Kyamarar farko don kayan sayarwa kika saye ta, ki ɗauki hoton zannuwa ki nuna wa masu biki. Kin ba ni labarin ranar da ciniki ya yi sanyi, kika bar wa maƙwabciyarki tebur, kika zagaya bayan kasuwa inda wata ƙorama ke shiga kogin Thames. Ruwa ya janye, taɓo ya fito yana ƙyalli, tsuntsaye suna kiwo a kai kamar ba cikin birni suke ba. Kika ce kin tsaya har kin manta da tebur. Daga ranar zannuwa suka samu abokan rabon kyamara, har suka zo suka rasa ta gaba ɗaya.

Ba ki je makarantar ɗaukar hoto ba, kuma ba ki taɓa cewa ke gwana ce ba. Hotunanki da yawa sun karkace, wasu sun yi duhu, kina kallonsu kina dariya. Amma kina da haƙurin jira. Za ki zauna kan jiƙaƙƙiyar ciyawa har ƙafarki ta yi tsami don kawai gajimare ya matsa. Wannan haƙurin naki ya sha jawo mana wahala. Ban manta ranar da muka rasa jirgin ƙasan dawowa daga bakin teku ba saboda kin ƙi tashi sai rana ta sauka bayan duwatsu. Muka isa tasha a guje, muka tarar jirgin ya tafi, na bayansa kuma an yi cancel. Muhibbat, ɗaya daga cikin matan da ke bin mu, wadda ta baro tukunya a hannun mijinta, ta yi fushi har ta daina yi miki magana. Ke kuwa sai kika zauna kusa da ita kina nuna mata hotunan ɗaya bayan ɗaya, kina cewa, "Duba wannan, ki gaya mini bai kai tuwon da ya ƙone ba." Kafin jirgi ya zo ita ce ke roƙon a wanko mata guda.

Daga mu biyu muka zama huɗu, muka zama taro. Matan likitoci, ɗalibai, masu aikin kula da tsofaffi, 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Nijar. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba wanda ya taɓa rubuta doka. Ranar Juma'a da yamma saƙonki zai shigo: "Gobe Stratford, bayan asuba da kaɗan. A zo da takalmi mai rufi, kada in ga silifa." Daga Stratford mu bi kwarin kogin Lea har fadamun Walthamstow. Wata Asabar ɗin mu hau tudun Farthing Downs mu gangara kwarin da ke bayansa, inda furanni ke rufe ƙasa da bazara. Mun je Richmond mun ga barewar Turawa na kiwo cikin hazo. Ke kika hana mu tsinkar fure. Ke kika sa kowa ta riƙa zuwa da leda don tsince sharar da wasu suka yar. Kina cewa ba ma son a ce ga inda masu lulluɓi suka zauna.

Da farko muna jin nauyin idon mutane. Mata bakwai ko goma da hijabi a tsakiyar daji ba abin da aka saba gani ba ne. Wasunmu suka ce a riƙa haɗa salla sai an koma gida. Kika ce a'a, ƙasa mai tsarki ga ta nan shimfiɗe. Wata rana a Farthing Downs muna cikin sallar azahar sai muka ji haushin karnuka na tunkaro mu. Ba wadda ta yanke salla. Da muka yi sallama sai muka ga wani dattijon Bature tsaye can nesa, ya ɗaure karnukansa biyu a hannu, ya kuma tare wasu masu karnukan ya hana su wucewa sai mun idar. Kika je kika yi masa godiya, kika nemi izini kika ɗauke shi hoto da karnukansa. Sati na zagayowa kika kai masa hoton a cikin firam. Ashe matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, shi kaɗai yake zaune. Shekaru da dama, duk ranar da muka je wurin, sai mun tarar da shi a benci yana jiranki, ke kuma ba ki taɓa zuwa ba tare da ƙunshin ƙosansa ba. Ajara ce ta neme shi ta gaya masa rasuwarki. Ya zo gidan makoki da sandarsa, ya cire takalmi a ƙofa ba wanda ya ce ya cire, ya zauna cikin maza.

Akwai wani alherin naki da ba kowa ya sani ba. Gidanki ba nisa da babban ofishin shige da fice na Croydon. Duk wanda ke da ganawa a can kan takardar zama, ko an san shi ko ba a san shi ba, in dai an ba shi lambarki, a gidanki zai karya kumallo. Ki raka shi har bakin ƙofa, ki jira. In ya fito, ko da dariya ko da hawaye, ba kya barinsa ya shiga jirgi kai tsaye. Sai kin ja shi lambun shaƙatawa na Lloyd Park kun zagaya, kin nuna masa wata tsohuwar itaciya ko wani tsuntsu. Na taɓa tambayarki amfanin haka ga wanda aka hana takarda. Kika ce mutum bai kamata ya koma ɗaki da irin wannan labarin shi kaɗai ba, gara ya fara shan iska.

Hotunanki ba ki taɓa sayar da ko ɗaya ba. Suna rataye a falon kowacce daga cikinmu, suna ɗakunan marasa lafiyan da kika je dubiya, wasu sun tafi Kumasi da Kano da Zinder cikin akwatunan matafiya. Mahaifiyata a Zariya ta rasu da hoton kogin Wandle a saman gadonta, tana nuna wa baƙi tana cewa nan 'yarta ke zuwa shan iska.

Amma duk wuraren nan babu wanda ya kama zuciyarki kamar kwarin Cuckmere, can kudu a bakin teku. Wanda bai je ba, ga yadda yake: kogi ne siriri da ke tafiya yana lanƙwasa kamar maciji a tsakiyar koren kwari, tumaki na kiwo a tuddan hagu da dama, belbelu na tsaye cikin ruwa. In ka bi shi har ƙarshe sai kwarin ya buɗe, ga fararen duwatsu tsaye kamar an yanka su da wuƙa, ga bakin teku na tsakuwa, ga kogin yana shiga babban ruwa ba hayaniya. Kin ɗauke shi da sanyi, kin ɗauke shi da bazara, cikin ruwan sama da cikin rana, kuma kullum sai kin ce ba ki same shi yadda kike so ba tukuna.

A farkon bana kika fara ramewa. Kika ce azumin nafila ne. Sai muka lura ke da ke gaba kullum kin koma baya, kina fakewa da ɗaukar hoto don ki huta. Da aka yi gwaji, aka ce ciwon ya riga ya yi nisa. Kika karɓi maganar da natsuwar da ta fi tamu. Mu ne muke kuka, ke kina tambayar wa zai riƙa tura saƙon Juma'a.

Cikin watan Satumba kika kira ni. Muryarki ta yi ƙasa sosai. Kika ce, "Zinatu, ina so in ga Cuckmere."

Ajara ta ƙi. Ta ce tafiyar ta yi nisa, in wani abu ya faru a hanya fa? Alhaji Zuberu ya rasa bayan wa zai bi. Abdulƙadir ya zo ya duba ki, ya yi magana da ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida, sannan ya ja Ajara gefe ya gaya mata gaskiya: zama a ɗaki ba zai ƙara miki kwana ba, tafiyar kuma in an yi a hankali ba za ta rage ba. Yarinyar ta yi kuka, sannan ita da kanta ta yi booking ɗin mota mai ɗaukar keken marasa lafiya.

Allah Ya ba mu rana mai kyau. Nashiru ya tura kekenki a kan hanyar simintin da ta bi gefen kogin, Alhaji na gefe riƙe da bargo, mu kuma muna biye. Kyamarar na kan cinyarki amma hannunki ba ya iya ɗaga ta. Sai kika riƙa nuna mini da haɓa: "Can. Jira tunkiyan ya ɗaga kai. Yanzu." Da muka isa inda siminti ya ƙare, tayar keke ta nutse cikin tsakuwa. Nashiru ya ce a tsaya nan, ana hango teku ai. Muhibbat ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta ce ba hange muka zo yi ba. Muka kama keken ta kowane gefe, mu da Nashiru, muka ɗaga ki, muna tuntuɓe muna dariya, har bakin ruwa.

Kika daɗe kina kallon inda kogin ke shiga teku. Sannan kika ce mu matso. Kika roƙi kowa gafara, ɗaya bayan ɗaya, da sunanta. Muka yafe, muka roƙi taki. Daga nan kika juya wurin mijinki.

Duk mun san akwai maganar da aka daɗe ana kewayewa a gidanku. Alhaji Zuberu ya shafe shekaru yana tuƙin bas a garin nan yana gina gida a Kumasi, burinsa ku koma ku tsufa cikin dangi. Da ciwon ya tsananta, 'yan'uwanki suka riƙa bugo waya suna cewa in ta Allah ta kasance a kawo ki gida, a sa ki kusa da mahaifiyarki. Ke ba ki taɓa cewa komai ba sai ranar.

Kika ce, "Alhaji, ina roƙon alfarma. In lokaci ya yi, kada a ajiye ni ana jiran jirgi. A yi mini sutura da wuri, a sa ni a nan. 'Ya'yana a nan suke. Ƙasan nan kuma na taka shi da ƙafana, na yi sujada a kansa. Ba baƙo ba ne a wurina."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Mun san abin da ake roƙonsa ya bari. Can ya ɗago, ya gyara miki bargon da ya zame, ya ce, "Na ji, Suweiba. Amma ki sani, in kin kwanta a nan, ni ma ba inda za ni."

Kika yi murmushi, kika ce in ɗauke ku hoto. Ke da kullum kike bayan kyamara, ranar kika gyara ɗankwali, kika sa hannunki cikin nasa. Wannan karon ban jira komai ba, na danna.

Bayan wannan tafiyar ba ki sake fita ba. Alhaji ya cika alkawari. Shi da kansa ya kira 'yan'uwanki ya yi musu bayani, ya sha maganganu masu zafi, ya haɗiye, har suka sauko suka sa albarka. Ranar Talata aka yi miki salla, masallaci ya cika har waje, aka kai ki maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Mu mata muka zauna a gida muna jiran dawowar maza. Da Nashiru ya shigo, takalminsa duk taɓo, ya durƙusa gabanmu ya ce da 'yar Hausarsa, "Anti, akwai itace kusa da Mma. Babba." Ya san abin da za mu so ji ke nan.

Ya Allah, ga baiwarKa Suweiba ta zo gare Ka. Mun shaida ta yi salla, ta yi azumi, ta ciyar da maƙwabci, ta raka baƙo, ta zauna da mai baƙin ciki har ya samu sauƙi. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wurin tambaya. Ta so koren wuri da ruwa mai gudu a duniyar da ba ta dawwama; Ka saukar da ita a gidajen Aljanna waɗanda ƙoramu ke gudana ƙarƙashinsu, inda ba ciwo, ba gajiya, ba rabuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta mijina, da ta dukkan matan tafiyar Asabar, ga Alhaji Zuberu. Allah Ya ba ka ladan haƙurinka da na alkawarin da ka riƙe, Ya zama abokin hirarka a gidan da ya yi shiru. Ajara da Nashiru, kun yi jinyar mahaifiyarku yadda ya kamata, Allah Ya ba ku masu yi muku. Ƙofata a buɗe take gare ku kamar yadda tata ta kasance gare ni. Ga 'yan'uwa da dangi na Kumasi, waɗanda ba su samu ganin fuskarta ta ƙarshe ba, Allah Ya sanyaya zukatanku. Ku sani ba a cikin baƙi ta rasu ba, hannuwan masu ƙaunarta ne suka yi mata wanka.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Suweiba. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya sada mu da ke cikin rahamarSa. Amin.